Diyab da Maƙwabtansa na Tudun Kanisa

In an sallame sallar asuba a Sirrakol, maza kan rabu gida biyu: masu komawa shimfiɗa, da masu gangarawa bakin Nilu su tayar da injin ban-ruwa. Diyab Hassanen kaɗai ke ba kogi baya ya nufi tudu. Jakinsa ya san hanya, ba sai an kora shi ba. Jarkar ruwa a gefe ɗaya, tsintsiyar kaba a ɗaya gefen, gurasar jiya naɗe a ƙyalle, da ɗan dabino a aljihun jallabiya.

Yakan fara bi ta maƙabartar gari, ya tsaya ya yi wa mutanenmu sallama da addu'a kamar yadda kowane Musulmi ya sani. Akwai kabari ɗaya da yake daɗewa a kansa, zan zo gare shi. Daga nan ya tsallake 'yar hanyar awaki zuwa wasu layukan kaburbura da ba su kwanta yadda namu suka kwanta ba: namu kudu da arewa, su kuwa yamma da gabas. A nan ba ya karanta komai. Yakan ɗan rage tsawo ne kawai ya ce, "Maƙwabta, an tashi lafiya?" Sannan ya hau Tudun Kanisa, wato tudun coci, ya buɗe ƙofar rumfar da aka yi wa tsohon ginin, ya share yashin da ya kwana a gindin bango, ya duba ko jemagu sun ɓata zanen da ke jikinsa. In rana ta ɗaga, ya zauna a inuwa ya jiƙa gurasarsa da shayi.

Gadin tudun nan yake yi tun gemunsa na da sauran baƙi. A watan nan ya miƙa mabuɗi, gwiwa ta ce ta gaji. An yi ɗan taro, an sha lemo, an ba shi takardar yabo, wani mai babbar murya ya ce Diyab "ya yi wa tarihi hidima". Ina zaune a wurin ina ta jira a faɗi abin da ya yi, har aka tashi ba a faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun da wuri in faɗa, ba na cikin masu yabon talaka da cewa ya fi masu digiri sani. Diyab bai fi su sani ba, bai kuma taɓa cewa ya fi su ba. In ka ba shi ƙashin hannu, ba zai iya gaya maka shekarun mai shi ba. Abin da yake da shi daban ne, kuma ya fi digiri wuyar samu, a ƙauye da birni baki ɗaya.

Tun muna yara ake gaya mana Tudun Kanisa aikin wasu dogayen baƙi ne da suka zo daga bayan teku, suka yi zamansu, suka koma. Wasu tsofaffin kuma su ce aljanu ne suka jera tubalin. Na koyar da tarihi a makarantar 'yan mata har na yi ritaya, ban taɓa gaskata ko ɗaya ba. Baƙon da ya zo ya koma ba ya barin kakarsa da jaririnsa a ƙasa. Kuma ina da kunne. Na ji kakata, wadda salla ba ta taɓa wuce ta ba, tana kiran "Ya Mariya" a kan mai naƙuda, na kuma ga an kai kowane jaririn gidanmu bakin kogi an wanke masa fuska. Wa ya bar mana wannan? Aljanu?

Da masu binciken kufai suka zo, Turawa da 'yan ƙasa, suka kwashe yashin, sai ga coci da ginshiƙansa, ga ɗakunan ruhubanawa, masu keɓe kansu don ibada, a jere kamar na ɗaliban kwana, ga ɗakin cin abincinsu da dakali a zagaye, ga fuskoki a bango masu manyan idanu, da yawansu kalar fatarmu. Mutanen gari suka hau suka gani, suka ce ikon Allah, suka koma gonakinsu. Samari sun sami aikin ɗaukar kwandon yashi, shi ke nan. Ba wanda ya damu.

Damuwa ta zo ne da hanyar ruwa. An yanke za a ja babbar hanyar ruwa daga kogi zuwa sababbin gonaki a bayan tudu, kuma layinta ya bi ta kan maƙabartar da ke jikin cocin. Har waɗanda aka binne a ƙarƙashin daɓen cocin ba su tsira ba, don danshi zai kai gare su. Kowa na son ruwan, har ni. Ko dai katafila ta bi ta kansu, ko a ɗaga su da hannu kafin ta iso. Ga abin da har yau nake juyawa a raina: mutanenmu sun yarda katafila ta niƙe su, tunda ba wanda zai gani. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a ɗaga su da hannu, tunda wannan sunansa tonon kabari.

Daktora Ihlas, masaniyar ƙasusuwa da aka turo daga birni, ta nemi mutum guda da ya san ƙasa ya kuma san gawa. Duk wanda ta tambaya, gida ɗaya yake nuna mata. Diyab ne ke haƙa wa Sirrakol kabari tun yana saurayi, kuma ba ya jiran a kira shi. Da ya ji kukan mata ya ɗauki diga. Lahadunsa ba ya rushewa. Tsofaffi har wasiyya suke bari: "In na tafi, Diyab za ku kira, kada ku bar ni da yaran nan."

Ya saurari bayaninta har ƙarshe, ya ce, "Daktora, in kun gama auna su, ina za su?"

"Za su dawo, Ammu," in ji ta, wato baffa. "In an gama."

"Kin tabbata?"

"Haka aka tsara."

"Ban tambayi masu tsari ba, 'yata. Ke na tambaya."

Ta ce ta tabbata. Da ƙuruciyarta a lokacin, ba ta san yadda "in an gama" ke miƙewa ba.

Waɗanda suka yi aiki da shi har yau suna ba da labari. Ba a shan taba a bakin rami. Ba a tsallake gawa, sai dai a zagaya. Kafin ya sa hannu a kan kowa sai ya yi bisimilla, in an tashi cin abinci ya lulluɓe shi da farin ƙyalle, don kada a bar mutum tsirara a rana. Wata rana wani ma'aikaci, magidanci da iyalinsa, ya ɗora rawaninsa a kan wani ƙoƙon kai don a ɗauki hoto. Diyab ya ajiye buroshi.

"Ya zol, bawan Allah, in kakanka ne fa?"

"Haba Ammu! Kakana Musulmi ne, a ƙafa ya je Makka."

"Kakan kakan nasa fa? Shi ma Makkan ya je?"

Mutumin ya ɗauke rawaninsa, ya naɗa a hankali, ya koma bakin aikinsa.

Daktora ce ta nuna masa yadda aka kwantar da su, shi kuma ya riƙe. Kowa a rigingine, kai a yamma, ƙafa a gabas, an naɗe shi a likkafani an ɗaure da igiya tun daga wuya har idon sawu. An sa tubali ɗaya nan, ɗaya nan a gefen kai, an ɗora na uku a sama don kada ƙasa ta zubo a fuska. Ya tambaye ta dalili. Ta ce sun yi imani ranar tashi daga gabas za a kira su, suna so da sun miƙe zaune su fuskanci mai kiran.

Diyab ya daɗe yana kallon ramin. Ya ce, "Ashe jira suke. To, mu ma jiran muke."

Yashin tudu busasshe ne, bai cinye su duka ba. A ƙarƙashin daɓen cocin aka sami wani tsohon ruhubani da ƙashin ƙugunsa ya taɓa karyewa ya haɗe a karkace. Daktora ta ce ya rayu shekaru bayan karayar bai iya tafiya ba. Diyab ya ce, "To wani ya yi shekaru yana kai masa ruwa yana juya shi." A bayan bango kuma, inda aka binne mutanen gari na wancan zamani, aka ɗaga wata mata da kitsonta bai warware ba, ƙananan kitso, irin wanda matarsa Nabra ke yi. Ranar bai ci gurasarsa ba.

Gari ya yi shiru muddin aiki na kan tudu. Ranar da aka ga ana loda kwalaye a mota za a kai birni, sai magana ta fashe. Juma'ar da ta biyo, ana fitowa daga masallaci, Satti ya tare shi. Satti yayan Nabra ne, sa'an Diyab, tare suka koyi iyo, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

"Diyab, tsaya jama'a su ji. Hannun da ya zuba matattu a kwali kamar dabinon kasuwa, shi zai kwantar da uwata gobe?"

"Za su dawo, Satti."

"Wa ya taɓa ganin abin da ya tafi birni ya dawo? Ɗana ma bai dawo ba, shi da ke da ƙafa."

Aka yi dariya. Diyab bai yi ba. Ya ɗaga hannunsa na dama inda kowa zai gani, ya ce, "Ku shaida. Aro na ɗauke su, kuma zan mayar da su yadda na same su. Kafin nan, hannun nan ba zai ƙara haƙa wa kowa kabari a Sirrakol ba, tunda kuna ƙyamarsa. Na rantse."

Ba wanda ya sa shi rantsuwa. Shi ya ɗaura wa kansa, yana zaton shekara ɗaya ce ko biyu.

Ruwa ya isa sababbin gonaki, alkama ta yi kyau, aka manta da waɗanda aka tasa dominta. Turawan farko suka tafi, wasu suka zo. A birni aka ce ba a gama aunawa ba. Da aka gama, aka ce ba a gama rubutawa ba. Da aka gama, aka ce sai wani ya sa hannu, shi kuma an canja masa wurin aiki. Ba mugunta ba ce, na zauna a birni na sani. Matattu ne kawai ba sa zuwa ofis su yi ƙorafi. Diyab ya zama ƙafarsu. An ba shi gadin tudu, kuma duk bayan girbin dabino yakan hau mota da ɗan buhunsa, ya je ya zauna a bakin ƙofar Daktora. Ita ma ba ta zauna ba, Allah ya sani, ta bi ofis-ofis har aka fara ɓuya in an ji takunta. Takan buɗe masa ɗakin ajiya, ya shiga tsakanin kwalaye ya ce, "Maƙwabta, a ƙara haƙuri." Ma'aikatan wurin sun ɗauka taɓin hankali ne. Daga baya suka saba, har kujera suke ajiye masa.

A gari kuwa ana mutuwa kamar kullum. Da ya ji kukan mata sai ya miƙe, hannu ya nufi bayan ƙofa inda diga take, sannan ya tuna. Yakan je ya tsaya a bakin rami, hannu a baya, yana kallon samari suna karkata lahadu, ya ce, "Ɗan ƙara ta kudu." In sun ga dama su ji.

Sai ciwo ya kama Nabra. Ƙawata ce tun muna ɗiban ruwa a kogi, kuma ina wurin ranar da ta kira shi bakin gadonta. Ta riga ta san inda ciwon ya nufa.

"Abu Zahra," in ji ta, da sunan 'yarsu take kiransa, "na ga kana satar kallon bayan ƙofa. Kada ka kuskura."

"Ke ce fa, Nabra. Sai in yi kaffara."

"Rufe mini baki. Da na aure ka ba ka da gona, ba ka da kyau, ga kunnuwa kamar na jakinka. Abu ɗaya na gani, ba ka da magana biyu. Yanzu da zan tafi za ka ƙwace mini shi? Waccan mai kitson tana can a kwali tana jiranka. Ni ko wa ya haƙa mini, ƙasa dai ƙasa ce."

Ranar jana'izarta, liman da kansa ya miƙa masa diga ya ce, "Karɓi, Diyab. Rantsuwa tana da kaffara." Bai karɓa ba. Ya tsaya hannu a baya, wasu suka haƙa wa matarsa. Satti ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Ka zaɓi busassun ƙasusuwan Nasara a kan ƙanwata. Allah ya isa tsakanina da kai." Na bi Satti har gida na gaya masa abin da Nabra ta faɗa da bakinta. Ya ce, "Ustaza, mai ciwo ce ta yi magana. Mai lafiya ya kamata ya yi hankali." Daga ranar ba sallama tsakaninsu, ko da Idi.

Kai ne, Diyab, ka tsaya a bakin ramin nan da hannuwa biyu lafiyayyu ka riƙe su a bayanka. Ban sani ba ko daidai ka yi, har yau ina auna shi. Malamai sun ce da ka karya ka yi kaffara babu laifi, kuma sun fi ni sani. Abin da na sani shi ne, ranar ce Sirrakol ta gane ba wasa kake ba, mu da muka saba in an ce mana "gobe in Allah ya so" mu ji "ka manta kawai".

A wata kaka labari ya zo cewa an sa hannu. Diyab ya tafi birni ya rako su. Gari ya ba da fili a ƙetaren hanyar awaki, daura da maƙabartarmu. A nan ne mutanenmu suka yi irin abin da ke sa nake son su, kuma yake sa wani lokaci in ji kamar in fasa musu tulu a ka. Suka ce mutumin nan ya sha wuya, ya tsufa, kada ya dawo ya tarar da aiki. Maza suka fito da diga da shebur, babba da yaro. Wanda ya tsaya a kansu yana ba da umarni kuwa ba kowa ba ne, Satti ne. Bai ce ya huce ba, ba ya cikin masu faɗin haka. Cewa ya yi, "A haƙa a huta da zancen nan."

Suka haƙa kaburbura masu kyau, a jere, zurfi daidai. Kuma suka haƙa su yadda hannunsu ya sani, yadda aka haƙa wa iyayensu: kudu da arewa, da siririn lahadu wanda mutum ba ya shiga sai a kan gefensa na dama, fuska ga alƙibla. Ba wanda ya kawo shawarar haka. Har waɗanda suka yi aiki a tudu, suka ga kwanciyar mutanen da idonsu, hannu ya rinjayi ido. A wurinmu kabari ke nan, babu wani iri.

Motar ta iso da hantsi. Mata sun dafa wake, sun yi gurasa, an yanka rago. Diyab ya sauko da ƙyar, Daktora na riƙe da hannunsa, ita ma yanzu furfura ta fara leƙo mata. Jama'a suka buɗe masa hanya don ya ga kyautar da aka yi masa. Ya bi layin farko har ƙarshe, ya leƙa wannan, ya leƙa wancan. Kowa na jiran ya yi murmushi. Ina kusa, na ji Daktora ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ammu, na gani. Garinku ne, mutanenka ne. Duk abin da ka ce, ina tare da kai."

Ku dubi abin da ke gabansa. In ya yi shiru, kafin la'asar an gama, rantsuwa ta sauka, ya koma cikin mutanensa, Satti ya dawo masa. Babu Kirista ko ɗaya a Sirrakol da zai ce an yi ba daidai ba. Su kuwa na cikin kwali ba za su ce uffan ba.

Ya juyo ya ce, "Allah ya saka da alheri. Haƙa ta yi kyau, ni kaina ban fi haka ba. Sai dai ba tasu ba ce."

Satti ya matso. "Me ka ce?"

"Kai a yamma na same su, a rigingine. Wannan lahadun ba zai ci su ba."

Satti ya dubi ramukan, na ga a lokacin ne ya gane. Amma Satti ba ya kuskure, sai dai ya mai da kuskuren hujja. "To sai me? Mun ba su kwanciyar iyayenmu! Akwai gatan da ya wuce wannan? Wa ya sani ko Allah ya dube su da rahama saboda ita?"

"Rahama ba a hannun mai diga take ba, Satti. Wanda ya kwantar da su ba mahaukaci ba ne. Uwa ce, ko ɗa, ko abokin zama, yana kuka yana jera tubalin nan. Yadda suka roƙa ya kwantar da su. Ni kuma yadda na same su na ce muku, ban ce yadda ya fi mini kyau ba."

"Hannayen mutane sun kumbura saboda kai!"

"Na gani. Kada kowa ya ƙara taɓa diga. Alkawarin nawa ne."

Ya tuɓe jallabiya, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi diga daga hannun wani. Ya koma gefe inda ba a haƙa ba, ya ja layi da dunduniya daga yamma zuwa gabas, ya ɗaga ta. Shekara da shekaru rabon hannun da ita. Saran farko ya kusa kai shi ƙasa. Ba wanda ya motsa. Wake na hucewa a tukunya, wasu sun fara sulalewa gida. Ya ci gaba da sara, ana jin numfashinsa har inda mata suke. Satti na tsaye, hannu a ƙugu. Can sai ya ce da ƙarfi, ba tare da ya dubi kowa ba:

"Ku dubi yadda yake riƙe ta. Kamar mai dakan gahawa."

Diyab bai ɗaga kai ba.

"Layin ma ya karkace, tsohon banza. Gabas ɗin tana can."

"To zo ka nuna mini, tunda kai ka ajiye ta."

Satti ya tako ya fizge digar. "Ba don su ba, ba kuma don kai ba. Don kada ka faɗi ka mutu a nan ne a ce ni na kashe mijin Nabra. Koma can ka zauna ka yi abin da ka iya, surutu."

Diyab ya gaya mini daga baya cewa duk maganganun da aka yi ranar, "mijin Nabra" kaɗai ya ji.

Da Satti ya sara, sauran suka sara. Aka cike na farko, aka haƙa sababbi a gicciye, masu faɗin da mutum zai kwanta a bayansa. Ba a gama ranar ba, ba a gama washegari ba, kuma an yi gunaguni, kada wani ya ce muku ba a yi ba. Aka naɗe kowa a sabon farin ƙyalle. Mai kitso, ni da Zahra muka naɗe ta. Diyab ne ya sauka kowane rami, ya kwantar, ya sa tubali nan da nan, ya ɗora na uku. Tsohon mai karyayyen ƙugu aka fara sawa, mai kitso ce ta ƙarshe. Ba a yi musu salla ba, ba tasu ba ce, tasu kuwa ba wanda ya iya. Shiru kawai aka yi. Da aka rufe ta, Diyab ya kakkaɓe hannun da ya ɗaga a ƙofar masallaci, ya sake ɗaga shi, ya ce, "Kun shaida?" Liman ya ce, "Mun shaida."

Baƙi daga birni in sun zo sukan tsaya a kan hanyar awaki su ce, "Kun gani? Namu na kallon gabas, nasu ma in sun tashi gabas za su kalla, ashe duk ɗaya ne." Zance ne mai daɗi, ya dace da jawabin taro. Ni ban yarda ba. Da duk ɗaya ne, da Diyab ya bar kaburburan farko ya ci wakensa da zafi. Ba ɗaya ba ne, shi kuma bai taɓa cewa ɗaya ne ba. Bai sassauta sallarsa saboda su ba, bai kuma musuluntar da su da diga ba. Girmama wanda ya yi kama da kai ba wani aiki ba ne. Aikin shi ne wanda ya saɓa maka ya faɗo hannunka, ba shi da baki ba shi da dangi, ka bar shi a kan abin da ya tafi da shi.

Bayan nan Diyab ya koma haƙa wa Sirrakol har gwiwa ta hana. Ranar da ya miƙa mabuɗi, da masu jawabi suka watse, Satti ya hau tudu yana dogara sanda, ya zauna kusa da shi a gindin bangon cocin. Ido ya yi rauni yanzu, bakin dai yana nan.

"An ce ka ajiye aiki."

"Gwiwa."

"To ni ban sallame ka ba. Kabarina kai za ka haƙa."

"Da wace ƙafar? Ka makara. Da ka mutu bara."

"Sai a kawo maka kujera ka zauna kana yi wa samari tsawa. Kusa da Nabra nake so."

"Wurin nan nawa ne."

"Gefe biyu gare ta, marowaci. Kafin ta san ka ta san ni."

Diyab ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, "To yaya zan kwantar da kai?"

Satti ya ce, "Yadda ka same ni mana. Ai ba ka iya wani abu ba."

Diyab ɗan Hassanen, mai diga ɗaya maƙabarta biyu, mun gode. Kai ne ka ɗauki aro daga waɗanda ba za su taɓa biyo ka ba, ka mayar. Kai ne aka miƙo wa sulhu da hannu biyu, kana matuƙar sonsa, ka ce sai an gyara haƙa. Mun gode a madadin Sirrakol, wadda ta ci alkamar, da madadin waɗanda aka tasa dominta. Allah ya sassauta maka gwiwa, ya jiƙan Nabra, ya kuma bar maka Satti ka sami abokin faɗa.

Ku kuma masu tasowa, ba cewa nake ku je ku yi rantsuwa a ƙofar masallaci ba. Na ga abin da ta ci masa, ba na so wa kowa. Amma kowannenku akwai wanda ke hannunsa da ba ya iya ƙorafi: majinyacin da harshe ya ɗauke masa, tsohuwar da hankalinta ya tafi, baƙon da ba addininku ɗaya ba. Kada ku juya shi inda ya fi muku daɗi don kawai ba zai ce komai ba.

Gobe da safe wani ne zai buɗe ƙofar tudu. Abu ɗaya nake roƙonsa. In ya tsallake hanyar awaki, ya ɗan rage tsawo ya gaishe su. Sun saba.